Ranar da Rediyo Ya Shiga Zauren Hotunanmu

Ni na buɗe zauren, don haka idan akwai laifi a abin da ya biyo baya, kasona ya fi na kowa. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kankia, ina zaune can da iyalina, amma iyayena da yayana suna Yashe, ta ɓangaren Kusada, inda aka haife ni. Duk Asabar nakan hau babur in je in gaishe su.

Wani ƙanin mahaifiyata ne ya jawo abin. Ya daɗe a Legas yana sayar da albasa, kuma da damina ta faɗi sai ya dame ni da kira. An yi ruwa? Gero ya fitar da kai? Tsamiyar bakin rijiya tana nan ko an sare? Na gaji da amsawa da baki, na koma ɗaukar hoto ina tura masa. Shi kuma ya riƙa nuna wa 'yan gida da ke can, su ma suka nemi lambata. Da abin ya yi mini yawa sai na buɗe mana zaure a ɗaya daga shafukan sada zumunta, na kafa doka guda: hoton gida kawai. Ban da siyasa, ban da talla, ban da faɗa.

Kafin kaka mutane sun cika shi. Akwai ɗalibanmu da ke Zariya, da direbobin da ke Fatakwal, da wata baiwar Allah 'yar Rimaye da aure ya kai ta Makka, wadda duk hoton da aka saka sai ta rubuta cewa ta yi kuka. Ana saka hoton kasuwa, da na masu sussuka, da na kwalbatin da ruwa ya cika, da na tsohon da ke gyaran fitila a bakin tasha. Wani ya saka hoton kwanon fura kawai, aka kwana biyu ana gardamar ko ta Kusada ce ko ta Kankia. Ban taɓa hana kowa shiga ba. Wanda ya nema sai in danna masa. A ganina duk mai son kallon Yashe ɗan Yashe ne.

Wanda ya fi kowa iya hoto a cikinmu wani abokina ne Bafillatani da ke zaune a ruga kusa da Kaikai. Mun yi aji ɗaya zuwa uku tare kafin mahaifinsa ya cire shi ya kama kiwo. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana kiwo yana kuma noma, matarsa tana kai nono Kusada. Gilashin wayarsa a fashe yake, kuma sai ranar kasuwa yake samun cajinta, amma abin da yake ɗauka da ita babu mai ɗaukar irinsa. Na tuna wani farin bijimi da ya ɗauka da sassafe, raɓa ta jiƙa masa ƙafafu, ƙahonsa kamar zai fito daga cikin wayar. Na tuna maraƙin da aka haifa yana ƙoƙarin miƙewa uwar tana lasarsa. Ba ya dogon rubutu. A ƙarƙashin kowane hoto kalma biyu yake sawa: Kaikai, yau.

Mahaifina bai taɓa yarda da abin ba. Mutumin rediyo ne. Akwatinsa na rataye a ƙusa a zauren gida, kuma abin da ba a faɗa a cikinsa ba, a wurinsa jita-jita ce. Idan na je nakan nuna masa hotunan, ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Wa ya ba ka izni ka nuna ma duniya gonata?"

"Baba, ai 'yan gida ne ke gani."

"Ka ƙirga su?"

Sai in yi dariya, shi ma ya yi, a wuce wurin.

A shekarun nan labarin da ke zuwa mana daga yamma ba mai daɗi ba ne. A kore shanu a can, a ɗauke mutum a can. Mu abin bai zauna mana ba tukuna, amma kowane wata sunan garin da ake ambata yana ƙara matsowa. Kuma duk lokacin da aka taɓo zancen shafukan sada zumunta a rediyo ko a jarida, magana ɗaya ce: matattarar ƙarya, wurin lalata tarbiyya, inda ake yaɗa hoton gawa kafin dangi su ji. Ina jin wannan ina cewa a raina, ba su san namu ba. Har burina ya zama wata rana su sani.

Saboda haka na yi murna ranar da wani ɗan jarida na wani gidan rediyo ya kira ni. Ya ce wani ɗan uwansa ne ya nuna masa zauren, yana haɗa shiri a kan matasa da waya, yana so ya ji ta bakina. Muka haɗu ranar kasuwar Kankia a rumfar wani mai shayi. Ɗan jaridar matashi ne mai fara'a, da 'yar jaka a kafaɗa da ƙaramar na'urar naɗar murya. Ya sha shayi, ya yaba hotunan, ya tsaya a kan na farin bijimin ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ya tambaye ni wanda ya ɗauka, na gaya masa da alfahari, har da inda yake zaune. Na yi magana kusan rabin awa. Na faɗi kewar gida, na faɗi matar da ke kuka a Makka. Daga ƙarshe ya ce in ba shi jimla ɗaya da za ta tattara amfanin zauren. Na gyara murya na ce, duk wanda yake son ya san abin da ke cikin garuruwanmu, ko yana ina, ya shigo zai gani da idonsa.

Ya ce, "Madalla, Malam. Wannan ita nake nema."

Sati biyu ban ji komai ba. A cikin sati biyun nan ne aka wayi gari a wani ƙauye da ke gaba da Rimaye an kwance wa wani dattijo shanun huɗarsa guda biyu, an kuma sari ɗansa a kafaɗa da ya fito. Na ji labarin a makaranta, na yi jimami kamar kowa. Ban tuna ba sam cewa ƙanin dattijon, wanda yake zaurenmu, ya taɓa saka hoton shanun nan a ɗaure a gindin darbejiya, da ƙofar gidan a bayansu.

Ranar da aka saka shirin ina Yashe. Asabar ce, bayan la'asar, muna zaune a zauren gida da mahaifina da yayana da maƙwabta biyu. Ni na ce a murɗa tashar, don ɗan jaridar ya aiko mini da lokacin, na kuma riga na sanar da kowa za a ji muryata. Aka fara da wani kiɗa mai nauyi, irin wanda suke sawa idan za a ba da labarin haɗari. Mai gabatarwa ya ce yau za su duba yadda waya ta zama idon ɓarawo a karkara. Na ɗauka wani shirin ne daban, namu yana tafe. Sai na ji muryar ɗan jaridar nan, amma ba da fara'ar rumfar shayi ba. Ya ce a yankin Kankia da Kusada akwai wani zaure da ake baje dukiyar mutane a hoto kullum, shanu da amfanin gona da ƙofofin gidaje, kuma kowa yana iya shiga. Ya kawo labarin shanun huɗar. Ya ce an saka hotonsu, ba a daɗe ba aka zo aka ɗauke su. Sannan ya ce ga abin da wanda ya kafa zauren ya faɗa da bakinsa.

Muryata ta cika zauren mahaifina. Duk wanda yake son ya san abin da ke cikin garuruwanmu, ko yana ina, ya shigo zai gani da idonsa. Iyakar abin da suka ɗauka daga rabin awar ke nan.

Bayan haka suka sako wani da suka kira masani. Ya ce irin waɗannan zauruka masu ba ɓarayi labari ba sa buƙatar su yi magana, hoto ya ishe su. Ya ce abin lura shi ne, wanda ya fi kowa saka hotuna a zauren wani makiyayi ne da ke zaune a bayan gari. Bai faɗi suna ba, bai faɗi gari ba. Ya ce shi bai zargi kowa ba, amma mai hankali ya yi tunani.

Babu wanda ya dube ni. Maƙwabtan suka miƙe suka ce za su leƙa gona, alhali rana ta kusa faɗuwa. Mahaifina ya kashe rediyon, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ana tsakiyar shiri.

"Muryarka ce?"

"Tawa ce, Baba, amma ba haka na faɗe ta ba. Sun yanke."

"Kai ka faɗi ko ba kai ka faɗi ba?"

"Ni na faɗa."

"To, duniya ta ji."

Kafin in isa Kankia washegari mutane sun fara fita daga zauren. Ina kallon sunaye suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka goge hotunansu kafin su tafi. Ƙanin dattijon da aka sace wa shanu ya turo mini saƙon murya yana kuka, ya ce yayansa ya ce kada ya ƙara taka masa gida. A makaranta shugabanmu ya kira ni ofis ya ce shi bai ce na yi laifi ba, amma in daina fito da waya a harabar makaranta, iyaye sun fara magana. A kasuwa mai shayin nan ya gaishe ni a tsaye, bai ce in zauna ba.

Ranar Talata bayan an tashi, na zauna ni kaɗai a aji na bi jerin waɗanda suka rage. So nake in tabbatar wa kaina cewa duk na san su, in samu abin da zan kare kaina da shi. Ban kai rabi ba na daina ƙirga waɗanda ban sani ba. Sunaye ne irin na kowa, wasu da hoton masallaci a maimakon fuska, wasu babu hoton ma. A cikinsu akwai wani da bai taɓa saka komai ba, amma yana yawan rubutu a ƙarƙashin hotunan mutane. Kullum maganarsa ɗaya: Masha Allah, wane gari ne wannan? Na bi baya na same ta a ƙarƙashin hoton tumakin wani, da na injin niƙan wani, da na sabon babur. Na same ta a ƙarƙashin shanun huɗar nan. Kuma wanda ya amsa masa a wurin, ya faɗi sunan ƙauyen har da kwatancen hanya, ni ne.

Na danna sunansa. Na rubuta masa: Ɗan uwa, daga ina kake, ɗan gidan wa? Alama ta nuna ya karanta. Bai amsa ba. Da na sake dubawa da yamma ya fita daga zauren. Har yau ban san ko wani ne da kewar gida ta dama ya ji tsoron tambayata ba, ko kuwa abin da nake tsoro ne. Ban gaya wa kowa ba a lokacin. Wannan ne karo na farko da na rubuta shi.

Mutane kuwa ba wannan suke nema ba. Rediyo ya riga ya ba su makiyayin da ke bayan gari, kuma duk wanda ya taɓa shiga zauren ya san hoton da ake rubuta wa Kaikai, yau. Yayana ne ya kira ni ranar Alhamis. Ya yi ƙasa da murya kamar akwai mai saurare.

"Abokin nan naka, ka yi magana da shi?"

"Wayarsa a kashe take, Yaya. Ka san sai ranar kasuwa."

"Jiya matarshi ta kawo nono Kusada, ta koma da shi yadda ta zo. Ba wanda ya saya. Kuma na ji wasu samari masu sintiri suna cewa za su je su duba wayarshi. In za ka je, ka je da rana, kuma kar ka biyo ta gida."

Na nemi izni na hau babur. Hanyar Kaikai na san ta tun ina yaro, amma ranar ta yi mini tsawo. Dawa ta yi tsayi ta rufe gefe da gefe, ba ka ganin komai sai abin da ke gabanka. Na wuce mutum biyu a gona na ɗaga musu hannu. Suka miƙe suka bi ni da kallo, ba su ɗaga ba.

Na sami abokin nawa a gindin wata ƙirya yana gyara igiyar maraƙi. Shanun ba su fita kiwo ba, suna tsaye a garke da rana tsaka. Ya shimfiɗa mini tabarma, matarsa ta kawo nono a ƙwarya ta ajiye ba tare da ta ɗago kai ba. Muka gaisa dogon gaisuwa kamar babu komai.

"Ka ji shirin?" na ce.

"Ban ji ba, Malam. Amma an faɗa mini sau bakwai, kuma kowa da irin nashi. A na ƙarshe har an ce an ambaci sunana."

"Ba a ambata ba."

"To me ya rage?"

Na ce masa ni na jawo, ni na ba ɗan jaridar labarinsa, don ina so a san shi. Ya yi ɗan murmushi.

"Ai an san ni."

Ya ciro wayar daga aljihu ya kunna, da sauran caji kaɗan. Ya ce samarin sintirin sun zo da safe, su biyar, biyu a cikinsu ya san iyayensu. Sun karɓi wayar sun bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Duk shanunsa ne, da 'ya'yansa, da gajimare. Ɗayansu ya tsaya a kan hoton wata hanya da ta ratsa gonaki ya ce, wannan wa ka ɗaukar wa? Ya ce musu ya ɗauka ne don hasken da ya faɗo a kanta ya yi masa kyau. Suka dubi juna suka yi dariya. Suka mayar masa da wayar suka ce za su dawo.

"Da sun zage ni da ya fi mini," ya ce. "Dariyar nan ce ba ta bar ni na fitar da shanu ba."

Na ce zan je wurin dattawa, zan rantse a kansa, zan kira gidan rediyon su gyara. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce kakansa ne ya haƙa rijiyar da suke sha, kuma a nan aka binne mahaifinsa, amma shi yana da 'ya'ya huɗu. A gabana ya shiga goge hotunan. Bai yi gaggawa ba. Kowanne sai ya ɗan dube shi sannan ya danna. Na ce ya tsaya in kwafe su tukuna, ya girgiza kai.

"Kada a same su a wurinka, Malam. Kai ma muryarka ce aka ji."

Na je wurin dattawan kamar yadda na ce. Sun karɓe ni da mutunci, sun ce su ma sun san gidan tun kakanni, kuma babu wanda zai taɓa shi da saninsu. Kalmar nan, da saninsu, ita na yi ta juyawa a raina duk hanyar komawa.

Ɗan jaridar ya ɗauki wayata a kira na huɗu. Na gaya masa abin da shirinsa ya jawo. Ya ce shi bai ambaci sunan kowa ba, kuma ba shi ya zaɓi kiɗan ba ko masanin, manyansa ne suka ce labarin kewar gida ba zai riƙe mai saurare ba. Na ce to su ba ni minti biyar in yi bayani. Ya ce zai gwada. Sai ya tambaye ni, cikin murya mai sanyi, ko zan iya rantsewa cewa babu wani mugu ko ɗaya a zauren nan. Mai rubuta Masha Allah ɗin nan ya faɗo mini a rai, ban rantse ba. Ya jira ni, sannan ya ce sai an jima, Malam. Ba su taɓa kirana ba.

Kwana tara bayan zuwana Kaikai, yayana ya gaya mini rugar abokin nawa ta tashi. Sun bar gero a gona ko yankewa ba a yi ba. Wasu suka ce sun yi gabas, wasu suka ce sun tsallaka Nijar wurin dangin matarsa. Lambarsa ba ta sake shiga ba. Masu zarginsa suka ce ga shi nan, mai gaskiya ba ya gudu. Bayan tafiyarsa an sake kore shanu sau biyu a yankin, amma ban ji wanda ya ce ashe ba shi ba ne. A ranar da na ji sun tashi na rufe zauren. Kawuna na Legas ya kira yana faɗa, na ce masa ya zo ya gani da ƙafarsa in yana so.

Damina ta zagayo aka yi wani ruwa da ya kwana yana zuba, ya ci gidaje a Yashe da kewaye. Gidan rediyon nan ya riƙa sanarwa kowace awa cewa duk wanda ambaliya ta shafa ya ɗauki hoto ya tura a shafinsu, domin hukuma da masu taimako su gani. Yayana ya rasa rumbu ɗaya, ya rufta da dawar da ke ciki. Da na je jaje ya ja ni bayan gida ya ce in ɗauka in tura, ko Allah zai sa a dace.

Na fito da wayar na saita. A gefen rumbun da ya faɗi akwai wasu biyu a tsaye, cike, ruwan bai taɓa su ba. Na matsa hagu, suna ciki. Na durƙusa a cikin laka na karkata hannu har suka fita, ya rage sai ɓaraguzan ƙasa da jiƙaƙƙiyar dawa. Na duba kusurwoyi huɗu ko akwai bishiya ko katanga da za ta nuna gidan wa ne. Yayana yana tsaye a kaina yana kallo.

"Sunan garin fa?" ya ce. "Sun ce a rubuta."

Na ce masa bari in yi tunani. Muka tsaya a wurin, ruwa na ɗiga daga jinka, wayar tana hannuna.